Ganyen da Ba a Naɗewa

Takardu uku ne a kan teburin cin abinci, kuma tun kafin Narae ta ja kujera ta san wadda uwarta ta zaɓa, don ita kaɗai aka saka a leda gudun kada ta yi datti.

Ta cikin ledar ta neman shiga digiri na biyu ce a sashen injiniyan sinadarai, a wata babbar jami'a da ke Seoul. Ta biyu ta makamashi ce a Daejeon, an tura ta gefe, don lokacinta ya riga ya wuce. Ta uku kuwa, ta injiniyan muhalli a Busan, ita Umma ta ɗora wa butar shayi, har gindin butar ya zana zagaye a kan sunan Narae.

Umma ta daɗe da raba karatun duniya gida uku. Sinadarai, in ji ta, na 'ya'yan mutane ne. Makamashi na masu surutu a talabijin ne. Muhalli kuwa suna ne kawai aka laƙaba wa kwasar kashi don a samu abin bugawa a jikin takarda. Matar da ko sau ɗaya ba ta taɓa taka ɗakin gwaje-gwaje ba, amma in ta fara wannan bayani sai ka rantse ita ta kafa sassan uku da hannunta.

Ganawar tantance ɗalibai ta Seoul ranar Asabar ce da ƙarfe biyu na rana. Ta Busan ita ma ranar Asabar, da ƙarfe sha ɗaya. Mutum ɗaya ba zai halarci duka biyun ba, kuma kowa a gidan ya san ba makaranta kaɗai ake zaɓa ba.

A Seoul akwai Yom Sangpil, ɗan mataimakin shugaban matatar man da Abban Narae ya shekara ashirin da tara yana yi wa aiki. Shekarar Sangpil ta shida ke nan yana jan digiri na uku, amma Umma ta riga jami'ar ba shi, Dokta Yom take kiransa. Shi ne babba a cikin ɗaliban farfesan da zai yi ganawar, kuma wai farfesan ya yi alkawari da bakinsa shi zai tsaya a gaban taro ya yi musu huɗubar aure, shi da Narae. A gidajen ma'aikatan matatar nan ta Ulsan, muƙamin miji shi ne tsayin wuyan matarsa. Umma ta gaji da zama matar shugaban masu aikin dare, tana sunkuya wa matan da ta fi su iya girki.

A Busan kuwa akwai Gwak Munho.

Shekara huɗu suna tare. Shi ya fara kai ta wurin tace ruwan kwatar birni tun tana aji biyu, ya nuna mata yadda baƙin ruwa mai wari ke shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan garau har ana ganin ƙasan kwalba. Tun ranar ta san abin da take so ta karanta, ta kuma san wanda take so. Umma ta ce ai ga shi nan, namijin da ya kai budurwa yawon buɗe ido bakin masai, me kuma ya rage a faɗa a kansa?

Wata biyar ana wannan ja-in-ja kafin Abba ya buɗe baki. Mutum ne da magana ke yi wa tsada. Ɗan wani tsibiri ne can kudu, amma tun farkon aurensu Umma ta kankare masa harshen tsibiri daga baki, ta ce yana sa ta jin kunya a gaban mutane. Da harshen ya tafi sai maganar ma ta bi shi. Ranar Talatar nan dai ya ajiye cokali ya ce a bar yaron ya zo a gan shi.

Umma ba ta yi musu ba, abin da ya kamata ya tsorata Narae ke nan. Ta sa ranar Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma, daidai lokacin da matan ginin ke zama a rumfar ƙofar shiga suna auna duk mai wucewa.

Ranar Alhamis Narae na tsaye a taga, hawa na tara, ta hango shi ya sauko daga bas. Ya sa baƙar kwat ɗin da ta taya shi zaɓa, ya yi aski, har ta fara murmushi. Sai ta ga abin da ya rungumo.

Dogon ɗauri ne a naɗe da farar takarda, tsayinsa ya kusa nasa, ya riƙe shi a tsaye da hannu biyu yana leƙo hanya ta gefe. Ta saman takardar baƙin ganye ya leƙo. Miyok ne, ganyen teku, irin na kan dutse wanda uwarsa ke yanka da lauje in ruwa ya janye, ta shanya a tabarma ɗaya bayan ɗaya. A tsibirinsu babu abin da gida ke da shi da ya fi wannan daraja, kuma ba a naɗe shi, ba a karya shi. Tsohuwa ta zaɓi mafi kyau a girbin bana ta aiko wa gidan da take fatan zama surukansu.

Abin da Munho bai tsaya ya tuna ba, mutanen birni ba sa shiga gida da irin wannan dogon ganye a miƙe sai don abu guda, sai in akwai macen da ake shirya wa miyar jego.

Narae ta ga rumfar ta yi tsit. Ta ga kawuna shida sun juya tare. Ta ga matar hawa na bakwai ta taɓa gwiwar ta kusa da ita. Shi kuwa bawan Allah har tsayawa ya yi ya rusuna musu, ya tambaya ko nan ne hanyar gidan su Pyo Narae.

Ta buɗe masa ƙofa. Ya karkata ɗaurin ya shigo da shi da ƙyar, ya cire takalmi, ya rusuna har ƙasa.

"Umma, na same ku lafiya? Ga wannan, mahaifiyata ta ce a kawo."

Umma ta dubi ganyen daga sama har ƙasa, sannan ta dube shi haka nan.

"Ummarka na tsibiri," ta ce. "Ni ban haifi namiji ba. Wannan kuma wa ya haihu?"

Nan take fuskar Munho ta sauya. Narae ta ga lokacin da abin ya faɗo masa, kunnuwansa suka yi ja.

Daga cikin falo aka yi 'yar dariya. Sangpil ne zaune a kujerar Abba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, a gabansa akwatin naman sa mai ɗaurin zinariya da ya kawo. Umma ta gayyace shi ba ta gaya wa kowa ba.

"Ashe ku 'yan muhalli har gida kuke kawo wa mutane abin gwaji?" in ji shi. "Kuma saura kwana biyu ta shiga jarrabawa. Ganyen santsi, a makon jarrabawa. Ko dai so kake ta zame ta faɗi, ƙanena?"

Ko yaron firamare ya san ba a shan miyar miyok in za a shiga jarrabawa, santsinta ke kayar da mutum. Umma ta tafa hannu sau ɗaya ta ce ita ma abin da ta gani ke nan, ya zo da abu ɗaya ya ɓata wa 'yarta suna a ƙofa, ya kuma ɓata mata sa'a a cikin gida, lallai an iya tarbiyya a tsibiri.

Aka zauna cin abinci. Umma ta dafa kaza guda sukutum, irin wadda ake yanka wa suruki, ta yage cinya ta ɗora a kwanon Sangpil, ta yage ɗayar ta ƙara masa. Munho aka ba shi shinkafa da kabeji mai yaji, da ruwan sha'ir a kofin takarda, alhali kofunan tangaran na jere a kabad. Kafin ta zauna sai da ta bi tagogin falon ta buɗe su duka, ga sanyin watan Nuwamba, ta ce ita dai tana jin wani ɗan wari ba ta san daga ina ba.

Sannan ta tambayi Munho wai me yake yi ne takamaimai a can Busan ɗin.

Da ya yi shiru da ya fi masa. Amma Munho in aka taɓo aikinsa mantawa yake da inda yake. Ya gyara zama ya fara bayani, cewa akwai wasu ƙananan halittu jajaye da ido ba ya gani sai sun taru, suna cinye gubar da ke cikin ruwan najasa ba tare da an hura musu iska ba, abin da zai rage wa birni wutar da yake ƙonawa. Sai dai suna da wuyar reno, mako biyu suke yi kafin ɗaya ta zama biyu, in sanyi ya taɓa su ko abinci ya yi yawa sai su mutu. Shekara uku yana renon tanki guda. Yana faɗa idonsa na haske.

"Wato," in ji Umma, "kiwon ƙwarin masai kake yi."

Sangpil ya yi dariya har da goge ido. Shi ma ya kawo nasa bayanin ba a tambaye shi ba, ya ce su a nasu ɗakin gwajin kamfanoni ke layi, kuma ya riga ya yi wa farfesa magana, ganawar Narae ta Asabar gaisuwa ce kawai. Ya ce mace ba ta buƙatar wahala, shekara biyu ta karɓi takardarta ta rataye a falo. Narae ta dube shi yana tsotsar ƙashin kaza, ta tuna shi ne mutumin da ya taɓa tambayarta a waya yadda ake lissafin da 'yan aji uku ke yi, wai yana gwada ta ne. Ta ji kamar ta tofar da abin da ke bakinta.

Abba kuwa abincinsa ya ci. Sai da aka tashi, ya je inda ganyen ke jingine, ya shafa shi, ya kai hanci, ya ɓalli ɗan ƙarami ya jefa a baki. Umma ta watsa masa harara ta ce a fitar mata da wannan abu baranda, gobe masu shara su tafi da shi.

Narae ta raka Munho tashar bas. Sai da suka ratsa ta gaban rumfar, matan suka bi cikinta da kallo ba ko kunya.

A tashar babu kowa. Ya zauna a benci yana kallon takalminsa. Ta fara ba shi haƙuri, hawaye suka riga ta, ta ce kada ya sa maganar Umma a ransa, ranar Asabar da sha ɗaya zai gan ta a Busan ko da ƙafa za ta taka.

"Kada ki zo," ya ce.

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

"Ki tafi Seoul, Narae. Na ga gidanku yau, na ga inda aka ajiye ni. Kuma da hannuna na jawo miki magana a bakin mutane. Uwata kwana uku tana zaɓen ganyen nan, ta ce in gaya wa mahaifiyarki ta yi haƙuri ba shi da yawa. Me zan koma in ce mata?"

"Ka ce mata an karɓa."

"Ba zan sa ki rabu da iyayenki a kaina ba. Can ɗin ma karatu ne mai kyau."

"Yaya Munho, dube ni." Ya ƙi ɗagowa. "Shekara uku kana tashi da asuba ka je ka duba ko ƙwarinka sun ji sanyi. Ranar da wuta ta ɗauke, rigarka ka cire ka lulluɓe tanki. Ni kuma kofin takarda ɗaya aka ba ka ka ajiye ni? Ashe ban kai ruwan kwata daraja a wurinka ba?"

Ya ce ba haka ba ne. Ya ce don yana son ta ne. Ta ce irin wannan son ta gan shi da yawa, son da ke naɗe hannu ya koma gefe ya bar wa wani cinyar kaza, sannan ya ce sadaukarwa ce. Ta ce tun kafin ta san hannunsa na da ɗumi ta so karatun nan, kuma ba shi zai ba ta izinin barinsa ba. Ta faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba ta nufe su ba. Shi dai hawaye kawai ke sauka kan baƙar kwat ɗin.

Bas ya zo. Ya tashi ya rusuna mata, rusunawar da ake yi wa baƙo, ya shiga. Wannan rusunawar ta fi duk abin da Umma ta faɗa yi mata ciwo.

Kafin azahar ɗin Juma'a magana ta gama ginin, ta tsallaka na kusa. Matar hawa na bakwai ta ƙwanƙwasa ƙofa da ledar lemo mai tsami, ta ce ta ji an ce Narae na son abu mai tsami kwanan nan. Umma ta sa takalmi ta bi gidaje hawa-hawa tana rantsuwa ƙarya ce, har waɗanda ba su ji ba suka ji daga bakinta. Da yamma mahaifiyar Sangpil ta bugo waya. Narae na jin Umma a ɗaki tana ta "ranki ya daɗe," tana rusuna wa bango, tana cewa wani mahaukacin ɗan ƙauye ne ya yi ɓatan hanya, yarinyarta ko hannun namiji ba ta taɓa riƙewa ba.

Da ta fito ta ɗauki takardar Busan mai zagayen shayi ta yayyaga ta a gaban Narae. Ta ce gobe ƙarfe bakwai Dokta Yom zai zo da mota, in ta shiga motar nan bakin kowa zai mutu. Ta yi kuka, ta ce shekara ashirin da tara tana wanke kayan aiki masu warin mai, ba za ta zuba ido 'yarta ta ƙare da wanke masu warin kashi ba. Narae ta ji tausayinta, kaɗan. Ba ta gaya mata cewa katin shiga ganawar Busan na cikin littafinta ba. Munho kuwa bai kira ba, ita ma ba ta kira shi ba.

Masu shara ba su tafi da ganyen ba. Abba ne ya ce nasa ne, a bar masa, kafin ya fita aikin dare.

Ranar Asabar da asuba Umma ta tafi coci addu'ar jarrabawa. Tana rufe ƙofa Narae ta tashi. Ta fita baranda, ta kwance farar takardar, ta karyi ganyen da hannunta, ƙarar ta cika gidan. Ta jiƙa shi har ya kumbura ya yi laushi, ta wanke, ta soya shi da man riɗi da tafarnuwa, ta buɗe akwatin Sangpil mai ɗaurin zinariya ta yanki namansa ta zuba a ciki. Ta ƙara ruwa ta bar shi yana tafasa. Sannan ta buɗe ƙofar gidan ta sa takalmi ta tokare ta, tunda Umma na son iska.

Ƙamshin miyar miyok ba ya ɓuya. Ya bi baranda, ya sauka matakala. Ban da jego, ranar zagayowar haihuwar mutum ake dafa ta, a ginin nan kuwa kowa ya san ranar haihuwar kowa, kuma kowa ya san yau ba ta kowa ba ce a gidan Pyo.

Bakwai saura kwata Umma ta dawo, Sangpil na biye da ita, sun haɗu a ƙasa. Ya ci ado, yana riƙe da kwalin dunƙulen shinkafa mai danƙo, irin wanda ake ba mai jarrabawa don ya manne. Suka tarar da Narae a tebur cikin kayan ganawa, farar riga da baƙin siket, ga kwano cike a gabanta yana tururi.

Umma ta tsaya cak. Littafin addu'arta ya faɗi.

"Me kike ci?"

Narae ta ɗebi cokali ta kai baki, ta haɗiye a hankali. Ta ce miya ce, ta yi daɗi kuwa, naman Dokta Yom ya dace da ita.

Umma ta yo kanta za ta fizge kwanon, Narae ta ɗauke shi da hannu biyu ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta ga ƙasansa. Miyar ta ƙona mata harshe, idonta ya kawo ruwa, amma ta ajiye kwanon ta goge baki. A bakin ƙofa matar hawa na bakwai ta riga ta iso, wai ta zo aron gishiri, wasu biyu na bayanta.

Sangpil bai cire takalmi ba. Ya dubi tukunyar, ya dubi matan da ke ƙofa, ya dubi cikin Narae. Fuskarsa ta yi fari. Duk wayonsa na jiya ya gudu, abin da ya rage kawai ɗan mama ne da ke tunanin abin da za a faɗa a gidansu.

"Narae," ya ce, "abin da ake faɗa ɗin nan... gaskiya ne?"

Kalma ɗaya ce za ta wanke ta, kuma gaskiya ce, babu komai a cikinta sai miya. Amma ta san in ta faɗe ta, zai yi ajiyar zuciya, Umma za ta tura mata dunƙulen danƙo a baki, a cusa ta a mota, kafin ƙarfe biyu tana gaban farfesan da zai yi musu huɗuba. Ta dube shi da kyau, mutumin da ya zo ɗaukar mata amma tambayarsa ta farko a gaban maƙwabta ya yi ta.

"Shekararka shida kana digiri na uku, Yaya Sangpil," ta ce. "Wannan lissafin ma sai an yi maka?"

Matar hawa na bakwai ta rufe baki da hannu. Umma ta sulale ta zauna a ƙasa, tana dukan ƙirji ba sauti. Kwalin ya kuɓuce daga hannun Sangpil, fararen dunƙulen suka gangara kan tabarmar takalma. Narae ta ji wani daɗi mai ɗaci ya taso mata, ta ga ta yi nasara, saura ta ɗauki littafinta ta kama bas ɗin takwas.

Sai matan ƙofar suka dare gida biyu.

Abba ne, da jakar abincinsa a hannu, shatin hular aiki a goshinsa. Ba ta san tun yaushe yake tsaye ba, amma fuskarsa ta gaya mata ya ji. Ya cire takalmi ya jera su, ya tsallake dunƙulen da ke ƙasa, ya wuce Sangpil kamar ba mutum a wurin. Ya ja kujera ya zauna, ya jawo tukunyar, ya ɗanɗana da ludayi. Ya ajiye ludayin a tebur.

Da ya yi magana, da harshen tsibiri ya yi ta, wanda Narae ba ta taɓa ji a bakinsa ba sai ranar jana'izar kakarta.

"Kira min yaron," ya ce. "Ki ce ya zo, ya taho da uwarsa."

Bai dube ta ba. Mutumin da ya kai ta makaranta a bayan keke, wanda ya ajiye duk takardun sakamakonta a akwatin aikinsa yana nuna wa abokai, yau ya kasa ɗaga ido ya dube ta. Nan daɗin ya mutu. Ta buɗe baki za ta ce Abba ƙarya ce, babu komai, ban yi komai ba.

Sai ta ga Sangpil har yanzu yana tsaye a ƙofa, mukullin mota a hannunsa, yana jira. Ta ga Umma ta ɗago kai tana kallon bakinta.

Ta rufe bakin.

Abba ya ɗauki kwanonta, ya cika shi da miya har baki, ya tsamo nama mafi girma ya ɗora a sama. Ya tura mata a hankali don kada ya zube, ya ɗauki cokalin ya saka mata a hannu, kamar yadda yake yi tana ƙarama.

"Ci, 'yata," ya ce. "Yanzu ba ke kaɗai kike ci ba."

Narae ta sunkuyar da kai ta ɗebi miyar, hawayenta na sauka a cikin kwanon, ta ci.